Amsoshin Tambayoyinku: Fitilar Tangaran Mai Nuna Ganye

Wata uwa daga Mabera ta rubuto cewa 'yarta da za a aurar ta nace sai an sa mata fitilar tangaran a kayan ɗaki, irin wadda da rana fara ce fat, amma da an kunna sai zanen ganyaye da furanni su bayyana a jikinta. Mai shago ya rantse mata cewa ta asali ce, ita kuma kuɗin na adashe ne, tana tsoron asara.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, tsoron nan naki shi zai cece ki. Tangaran na gaske da farar ƙasar da ake kira kaolin ake yin sa, a gasa shi a wuta mai zafin digiri 1,200 zuwa 1,400 har jikinsa ya kusa zama gilashi. Shi ya sa haske ke ratsa shi. Zanen ganyen kuma ba fenti ba ne: inda mai sana'ar ya kankare jikin ya yi siriri, nan haske ke fitowa da yawa, inda ya bar kauri sai ya yi inuwa. Tun wajen shekarun 1820 ake wannan aikin a Turai.

To ga abin da ke ci mini rai. Kasuwa ta cika da roba da farin gilashi da aka manna wa hoton fure, ana sayar da su da sunan tangaran, mu kuma muna biya don kawai kada a ce jeren 'yar wance ya fi na tamu. Rantsuwar ɗan kasuwa ba shaida ba ce! Ki kunna tocilan ɗin wayarki ki sa a cikin fitilar, ki ɗora yatsu tsakanin tocilan da jikin fitilar, ya kamata ki ga inuwarsu daga waje. Ki ƙwanƙwasa da farce: na gaske ƙararsa siririya ce mai ɗan jimawa, roba kuwa "ɗif" za ki ji. Gilashi ma yana nuna haske, don haka ki juya gindin, inda ba a shafa ruwan sheƙi ba. Na tangaran fari ne, mai ɗan kaushi kaɗan a yatsa. Ki shafa zanen ta ciki ko ta waje ki ji tudu da kwari. Duk mai shagon da ya hana ki gwadawa, ki yi masa sallama. Kuma kada ki tura ko kwabo ga mai talla a Instagram kan abin da ba ki riƙe a hannu ba. Guda ɗaya mai kyau ta wadatar, ba sai kin ci bashi kin jera uku ba.

Wani matashi daga Runjin Sambo yana tambaya ko zai iya yin irinta da yumɓun da ake gina tulu da randa.

Ɗana, ba za ta yiwu ba. Jan yumɓu ba ya barin haske ya wuce, kuma wutar kara da itace da ake gasa tukwane a fili ba ta kai wancan zafin. Akwai kaolin a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, amma murhun gashin shi ne babban aiki. Ka fara da abin da ke hannunka: ka gina 'yar tukunya, ka huda siffar ganyen dogonyaro tun tana ɗanya, ka sa ƙwan fitila a ciki.

Wani malami daga Arkilla ya ji an ce akwai tangaran da ake haɗawa da ƙashi. Haka ne, Malam. Shi ne ake rubuta wa "bone china" a gindi, a Ingila aka inganta shi a ƙarshen ƙarni na 18, kuma galibi tokar ƙashin shanu ake sawa. Hukuncin amfani da shi kuwa, wannan fagenku ne.

Sai wata amarya da ke son sanin ko za ta iya sa garwashin turaren wuta a cikin tata, don haske da ƙamshi su fito tare.

Haba amarya! Ina kaskon turarenki? Zafin da ya taru a wuri ɗaya farat ɗaya yana tsaga tangaran mai siriri, hayaƙi kuma ya dusashe zanen. Ƙaramin ƙwan LED mai ruwan ɗorawa kawai za ki sa. Ƙurar hunturu ki share ta da tsumma mai laushi, ban da soson ƙarfe, kuma ki ɗora ta inda hannun yara ba ya kai.