Amsa: Wa ye shugaban ƙasar Najeriya na farko?

Malam, ka ce ɗanka ya rubuta Tafawa Ɓalewa a jarrabawa an soke masa, alhali kai tun tasowarka shi ka sani. To malaminsa ya yi daidai, amsar ita ce Dakta Nnamdi Azikiwe, wanda ake kira Zik. Sai dai kai ma ba a banza ka riƙe Ɓalewa ba.

Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare, kuma kusan duk shekara sai an yi wannan gardama. Nakan zaro naira biyar mai hoton Ɓalewa da ɗari biyar mai hoton Zik in ɗora kan tebur, in ce ga mutanen biyu, wa ke da sunan, wa ke da ikon? Nan da nan aji ya kaure.

Ranar 1 ga Oktoba 1960 da aka samu 'yanci, babu kujerar shugaban ƙasa ma sam. Sarauniyar Ingila ce a sama, Gwamna Janar na wakiltarta, Ɓalewa kuma Firayim Minista. A watan Nuwamba Zik ya karɓi Gwamna Janar daga hannun Bature James Robertson. Sai a 1963, da ƙasar ta zama jamhuriya, sabon kundin tsarin mulkin da 'yan majalisa suka amince da shi ya ayyana shi a matsayin shugaban ƙasa. Talaka bai kaɗa masa ƙuri'a ba.

In kana son ganin inda ikon yake, dubi zaɓen Disambar 1964. Zik bai gamsu da yadda aka yi shi ba, ya ƙi kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙasa ta yi kwanaki a tsaye cik. Manyan soja suka nuna masa su daga Firayim Minista suke karɓar umarni. Dole ya sauko a farkon Janairun 1965, Ɓalewa ya ci gaba da mulkinsa. Shi ya sa dattawanmu na Arewa ba sa kawo Zik a lissafi, don wanda suka ga yana juya gwamnati shi suka sani.

Amma ka ja kunnen yaro ya riƙa karanta tambaya da kyau. In aka ce shugaba na farko mai cikakken iko, wanda jama'a suka zaɓa da ƙuri'arsu, wannan Alhaji Shehu Shagari ne, da aka rantsar ranar 1 ga Oktoba 1979. Masu tsara jarrabawa suna son wannan tarkon ƙwarai, ya kuma kayar min da ɗalibai masu ƙoƙari da yawa.