Wane littafi da wane fim suka dace da ɗaliban sanawi (sakandare) masu koyon Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sanawi ta 'yan mata a Gadarif, a gabashin Sudan. Yawancin ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne: a gida Hausa, a kasuwa da makaranta Larabci, Turanci kuwa sai a aji. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 wasu sun daɗe ba su zauna a aji ba, ga kuma 'ya'yan masu gudun hijira da aka ƙaro mana. Littafin SPINE, wato littafin Turanci na manhaja, shi kaɗai ya gundure su. Na kawo musu wani labari na Dickens cikakkensa, ba mu wuce shafi uku ba aji ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Waɗanne littattafai da finafinai za ka ba ni shawara a kansu? Abin da muke da shi kwamfutar cinya ɗaya ce da sola.

Amsa: Wa alaikumus salam, Ustaza. Allah ya saka da alheri, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Shirun da 'yan matan suka yi ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, kaya ne aka ɗora musu fiye da wuyansu. Dickens ya yi rubutu ne da Turancin Ingila na ƙarni na 19, jimla ɗaya sai ta ci layi biyar. Yarinyar da ke karanta shi tana fama da abu biyu a lokaci guda: harshen da ba ta iya ba, da rayuwar da ba ta taɓa gani ba. Aikinki shi ne ki sauke mata ɗaya daga ciki. Ko dai harshen ya zama mai sauƙi, ko kuwa labarin ya zama wanda ta riga ta san ƙasarsa da mutanensa. In an samu duka biyun, to faɗuwa ta zo daidai da zama.

Akwai ma'aunin da za ki gwada kowane littafi da shi kafin ki shiga aji. Paul Nation, masanin koyon kalmomi na ƙasar Niyu Zilan, ya nuna cewa mai karatu na bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya karanta shi ba tare da taimako ba. Wato kalma biyu kacal cikin ɗari ne ya kamata su zama baƙi. Ki zaɓi yarinya mai matsakaicin ƙoƙari, ban ce zakarar aji ba, ki ba ta shafi ɗaya ta ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ba ta sani ba. In shafin ya cika da layuka, ajiye littafin sai baɗi.

Don haka nake son littattafan da aka sauƙaƙa mataki-mataki. A jerin Oxford Bookworms, mataki na ɗaya an gina shi kan kalmomi 400, na biyu 700, na uku 1,000, har zuwa na shida mai 2,500. Ɗaliban da karatunsu ya katse, ki fara musu daga na ɗaya ko na biyu, ko da 'yan aji uku ne. Kada ki ji kunyar wannan. Yarinyar da ta gama littafi sukutum da kanta, ko mai shafi arba'in ne, gobe ita za ta zo tana tambayar wani. Shi kansa Dickens ɗin yana cikin jerin a sauƙaƙe, in kina son komawa gare shi.

Sai waɗanda ba a sauƙaƙa ba amma suna kusa da gida. Na farko a wurina gajeren labarin nan ne na Ɗayyib Salih, Hafnat Tamr, wanda Denys Johnson-Davies ya mayar Turanci da sunan A Handful of Dates. Shafuka kaɗan ne: yaro da kakansa da maƙwabcinsu Mas'ud a ranar girbin dabino, yaron yana kallo ana rabe amfanin gonar Mas'ud saboda bashi, shi mai gonar ya tashi hannu rabbana. Marubucin ɗan ƙasa ne, an haife shi a Karmakol a 1929, kuma asalin labarin da Larabci yake. Ki sa su karanta na Larabcin a gida, washegari ku buɗe na Turancin. Za ki ga yadda suke cafke ma'anar kalma tun kafin ki buɗe baki, domin sun san abin da ke zuwa. Daga nan ki jefa musu tambaya: kakan nan azzalumi ne ko mai dabara? A kan wannan gardama za su manta cewa da Turanci suke magana. Amma ki kula, shahararren littafinsa Mausimul Hijra ilash Shamal ba na aji ba ne. Akwai al'amuran manya a cikinsa da za su haɗa ki da iyaye.

Na biyu shi ne The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960. Gajere ne, Turancinsa miƙaƙƙe, kuma a ƙasar Hausa labarin ya tashi: mutum yana bin sawun wanda ya yi sanadin mutuwar matarsa, tafiyar har ta kai shi Makka. Ga 'ya'yan da kakanninsu suka biyo hanyar hajji a ƙafa suka yada zango a Mai Wurno da Gadarif da Kasala, wannan ba baƙon labari ba ne. Ki haɗa shi da aikin gida: kowace ta tambayi tsohuwar gidansu daga wane gari aka taso, ta rubuto jimla goma. Samun littafin a Sudan sai an sa cigiya, amma 'yan uwa da ke zuwa daga Kano na iya riƙo shi.

Things Fall Apart na Achebe kuwa, duk da darajarsa, karin maganar Ibo da sunayen al'adunsu sun yi yawa ga mai rarrafe. A bar shi ga 'yan aji uku, su ma sauƙaƙaƙƙen.

Mu koma fim. Kuskuren da na fi gani shi ne a kunna fim na awa biyu, a sa fassarar Larabci a ƙasa, malami ya koma bayan aji. Wannan kallo ne, ba darasi ba, domin ido na kan Larabci kunne kuwa ya tafi hutu. Ki yanko minti biyar zuwa takwas. Karo na farko su kalla ba rubutu, su faɗi abin da suka fahimta. Na biyu ki sa rubutun Turanci. Na uku ki riƙa tsayarwa suna maimaita jimla, sannan biyu-biyu su fito su kwaikwayi wurin. Batirin kwamfutarki ma ya huta.

Fim ɗin da ya fi dacewa da wannan dabara shi ne Ar-Risala na Mustafa Akkad, na 1976. An ɗauke shi sau biyu, na Larabci da na Turanci, kowanne da 'yan wasansa. Anthony Quinn ne ya fito a Sayyidina Hamza a na Turancin, mai suna The Message. Ki ɗauko wurin da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib yake bayani gaban Najjashi sarkin Habasha. 'Yan matan sun san ƙissar tun daga darasin sira, Habashar kuma ga ta nan bayan Gallabat, garin kan iyaka. Maganar a hankali ake yin ta, kowace kalma tana fita. Sai dai akwai malaman da ba su yarda da nuna sahabbai a fim ba, saboda haka ki shawarci shugabar makaranta tukuna.

Akwai kuma The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, labarin gaskiya na William Kamkwamba, yaron Malawi da aka kora daga makaranta don rashin kuɗi a shekarar yunwa, ya haɗa injin iska da tarkacen keke bayan ya ga hotonsa a littafin laburare. 'Ya'yan manoman dawa da riɗi da ke zaman jiran damina ba sa bukatar a yi musu bayanin fari. Ki sani dai rabo mai yawa na maganar da harshen Cicewa ake yi, Turancin a rubuce yake fitowa, don haka ya fi amfani wajen saurin karatu. Wuraren makaranta ne ake Turanci da baki. Queen of Katwe na 2016 ya fi shi yawan Turanci, kuma jarumarsa yarinya ce, Phiona Mutesi, mai tallar masara a Kampala da ta zama gwanar dara irin ta Turawa. Lafazin Afirka ta Gabas ya fi sauƙin kamawa a kunnensu bisa na Amurka.

Wani abu da za ki saurara yayin maimaitawa: harafin p yana ba yaranmu wahala ta fuska biyu. Larabci na ja shi zuwa b, Hausa na ja shi zuwa f, sai ki ji yarinya ɗaya ta faɗi kalma guda iri biyu a jimla ɗaya. Ki ba kowace guntun takarda ta riƙe gaban leɓe. In ta faɗi p daidai takardar za ta motsa.

Game da lokaci, kada SPINE ya sha kashi, tunda jarrabawar shahada, wato ta kammala sanawi, na jiran su. Darasi ɗaya a mako ya isa, wannan makon littafi, na gaba fim. In kwafin littafi biyar kawai kika samu, raba ajin gida biyar, kowane rukuni da mai karantawa da babbar murya, a riƙa karɓa-karɓa. 'Yan aji uku kuma ki dakatar musu da fim wata biyu kafin jarrabawa, ki bar musu gajerun labaran su tafi da su gida.