Tambaya da Amsa: Mai Tsamar da Nono da Mai Kawo Amai da Gudawa

TAMBAYA: Malam, ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa bakteriya ce ke tsamar da nono, ni kuwa a asibiti na ji an ce ita ce ke kawo amai da gudawa. To me take ci ne, har take gyara wani abu ta ɓata wani? (Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato)

AMSA: Hajiya, yaronki ya yi gaskiya, na asibiti ma ba su yi ƙarya ba. Bakteriya dangi ne masu ɗimbin yawa, kowace ƙwaya guda ce tal da ido ba ya gani, kuma mafi yawansu ba ruwansu da cutar da mu.

Kowane mai rai yana neman abu biyu: ƙarfin da zai yi aiki da shi, da kuma kabon, sinadarin nan da ya fi yawa a gawayi, wanda shi ne tubalin gina jiki. Wasu bakteriya suna samun ƙarfi daga hasken rana, su ɗebi kabon daga iska kamar yadda gero yake yi. Suna cikin koren gansakukar da kike gani a kan kududdufi bayan damina. Wasu ko rana ba sa nema: a ƙasar fadamar Kwalkwalawa akwai masu ƙona amoniya, sinadarin nan mai warin tsohon fitsari, su rayu, su bar wa shuka taki. Sauran kuwa irinmu ne, sai wani mai rai ya haɗa abinci su ci.

Ta nono tana cikin waɗannan. Ina yaro, kakata kan tafasa madara, ta bar ta ta huce, ta zuba ɗan ragowar nonon jiya, ta rufe ƙwaryar da faifai. Da safe sai kindirmo. Abin da ta zuba rayayyun ƙwayoyi ne. Sun kwana suna cin sukarin madarar suna fitar da tsami, tsamin ya sa ta yi kauri, ya kuma hana miyagun ƙwayoyi sakewa.

Ta kwalara ma abinci ta zo nema, sai dai hanjin mutum ta mai da ƙwaryarta. Tana shigowa ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta manne a bangon hanji. Ba ta ma shiga jini. Dafi take fitarwa, dafin ya tilasta wa hanji zubo gishirin jiki, ruwa kuma ya bi gishirin. Shi ya sa bayan gidan yake fita fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, kuma idan ta tsananta babba kan yi asarar lita guda cikin awa ɗaya. Ƙarewar ruwan ce ke kisa. Abin yana ci mini rai ƙwarai in ji an kwana da yaro a gida ana jiran gari ya waye.

Kowace da salon ɓarnarta. Ta sanƙarau kan zauna a hanci da maƙogwaron masu lafiya, sai lokacin ƙura da zafi ta samu kafa ta shiga jini, ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Akwai rigakafinta, a riƙa kai yara.

Mu dawo kan gudawa, don damina ce lokacinta. Dafin nan bai toshe ƙofar da sukari ke jan gishiri zuwa cikin jiki ba, shi ne sirrin ruwan gishiri da sukari. In babu na leda, ki samu tafasasshen ruwa lita ɗaya, ki zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki fara ba mai gudawar kurɓi-kurɓi tun daga gida, in ya yi amai ki dakata minti 10 ki ci gaba, kuna kan hanyar asibiti kina ba shi.