Tambaya da Amsa: Littattafan Doctor Who, a saya ko a bari?

Tambaya: Salam Malam. Ni fa na kamu da son shirin talabijin ɗin nan na Birtaniya, Doctor Who, daga na 2005 na fara. Sai na ga ana sayar da wasu littattafai a intanet wai na yadda ake haɗa shirin, ga tsada ga kuɗin kawowa. Don Allah akwai abin da ke ciki da babu a fim ɗin ko kuɗina kawai za su ci? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Akwai kam. Shirin nan fa tun 23 ga Nuwamba 1963 BBC ta fara shi, ya girme ki ya girme ni, aka ajiye shi a 1989 sai 2005 ya dawo gadan-gadan, to abin da kika kalla tsakure ne. A irin littattafan nan za ki ji cewa sauya kamannin da Dakta, jarumin shirin, yake yi, rashin lafiyar William Hartnell, ɗan wasan da ya fara fitowa a matsayin Dakta, ce ta jawo shi a 1966, aka rasa yadda za a yi sai aka ce to ya rikiɗe kawai, Patrick Troughton ya karɓa. Ƙugin nan na TARDIS kuwa, wato jirgin da Dakta yake ratsa zamani da shi, makulli aka goga a wayoyin tsohon fiyano aka naɗi sautin, wallahi da na karanta sai da na yi dariya.

Amma ni abin da ya fi sa nake ganin darajarsu, BBC da hannunta ta goge tsofaffin kaset-kaset don ta sake naɗa a kansu, wasu kashi-kashin na shekarun 1960 yau sai dai hoto da sauti da abin da marubuta suka tattara. Kin san ina aka tsinto wasu? Jos! A 2013 aka sanar cewa Philip Morris, wani mai farautar tsofaffin fina-finai, ya gano gwangwanayen fim a wata tashar talabijin a can, kashi 9 da aka fidda rai da su, na zamanin Troughton, waɗanda suka ɓata suka sauko daga 106 zuwa 97.

Tunda ke 'yar 2005 ce ki fara da The Writer's Tale na 2008, imel ne da Russell T Davies, marubucin da ya dawo da shirin a 2005, da ɗan jarida Benjamin Cook suka yi ta aika wa juna, za ki ga mutum tsakar dare yana kuka da rubutun da ya ƙi fitowa ga lokaci ya ƙure. Masu jera sunan kowane ɗan wasa da ranar haskawa kuwa ki bar su, wannan kyauta yake a intanet. Kuma ki nemi na hannu, ya fi sauƙi.