Takalman gudu masu sauƙin kuɗi: wane iri zan saro?

Tambaya: Ina da shagon takalma a babbar kasuwar Maradi. Matasa 30 na unguwarmu suna atisayen gudun kilomita 10 da za a yi nan da wata biyu don tara wa marayu taimako, sun ce in samo musu takalma masu araha. Jarina jaka 200 ne na sefa. In saro sababbi 'yan China, ko in ɗauko dilar bosho, wato gwanjo?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba ku ladan wannan aiki. Kada ka fitar da ko dala kafin ka auna ƙafafunsu. Ka tara su da la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kowa ya sa safar da zai yi gudu da ita, ya taka takarda a tsaye, ka zana ƙafafun biyu ka ɗauki wadda ta fi girma. Takalmin gudu yana son sararin faɗin babban yatsa, wajen santimita 1, tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmin. Wanda ke sa lamba 42 sau da yawa 43 zai ɗauka. Matsattse shi ke baƙanta farce.

Dila rufaffiya ban ba ka shawararta ba. Za ka buɗe ka tarar da na yara, da na ƙwallo, da warin da ba ɗan'uwansa, jarinka ya yi kwantai. Gara ka tsinci bosho ɗaya bayan ɗaya, a nan gida ko a Ƙofar Wambai ta Kano, ko da kowane zai fi tsada.

Wajen tsinta, kada sunan Nike ko Adidas ya ruɗe ka. Abin dubawa shi ne soson da ke tsakanin tafin takalmi da ƙafa, don shi ke shanye dukan ƙasa. Yakan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, alhali saman takalmin yana nan fes. Danna shi da babban yatsa ta ciki da ta gefe: in ya lotsa ya dawo, da sauran rai, in ya yi tauri ko ya yi tamoji a gefen dunduniya, ajiye shi. Ka ɗora takalmin a kan tebur ka dube shi ta baya. In ya karkata gefe guda, tafiyar mai shi na farko ta cinye shi, gwiwar yaron ce za ta biya. Ka lanƙwasa shi: ya kamata ya lanƙwashe a gindin yatsu, ba a tsakiya ba. Sannan ka ja bakin tafin da farce, domin zafinmu na Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana sakin gam. Wanda gam kawai ya saki, mai ɗinkin takalmi zai gyara da kuɗi kaɗan.

Sabo ɗan China da ya ci wannan jarrabawa ya fi bosho mai babban suna da sosonsa ya mutu. Amma ka guji kambas mai shafaffen tafi, na ado ne.

Sai lissafi. A ce ka samu kowane a jaka 5, talatin sun kama jaka 150. Ka ɗora kuɗin mota, dako, duwan (kwastan) da faɗuwar canji in da naira ka saya, ka raba a kan kowane takalmi kafin ka yanka farashi. Ka ƙara guda huɗu a lambobin da suka fi yawa saboda musanya. Kowa ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, a rubuce da lambarsa. Rangwame saboda marayu abu ne mai kyau, amma daga riba za ka cire shi, ba daga uwar kuɗi ba, kuma ba bashi.

Kayan su iso aƙalla mako uku kafin ranar, yaran su saba da su a atisaye. Sabon takalmi ranar gudu bororo yake kawowa. Ka haɗa da safa marasa auduga, su ma akwai 'yar riba a ciki, kuma ka gaya musu su riƙa shanya takalman a inuwa.