Abin Sha da Ya Dace da Gasasshen Talotalo

Tambaya: Ina zaune a Amurka, kuma zan karɓi baƙi ranar bikin Thanksgiving, wato bikin godiya da Amurkawa ke yi a watan Nuwamba. Wace giyar inabi ce mai sauƙin kuɗi da za ta dace da gasasshen talotalo?

Amsa: 'Yar'uwa, naman talotalo ba shi da maiƙo sosai, saboda haka giya mai bauri irin Cabernet Sauvignon takan danne ɗanɗanonsa. Ki nemi Beaujolais Nouveau ta Faransa, wadda ake fitarwa ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, mako guda kafin bikin, domin baurinta kaɗan ne kuma farashinta bai kai na manyan giyoyin yankin Burgundi na Faransa ba. Ki ɗan sanyaya ta kafin ki zuba. Baƙin da ba sa shan giya kuwa, ki dafa musu zoɓo da citta, kada ki cika sukari.