Gidana na gindin tudu, ƙasa ta tsage: katanga za ta tsare mu?

Tambaya: Gidana yana gindin wani tudu. Bayan ruwan da aka kwana ana yi, na ga ƙasa ta tsage a saman gangaren, ƙofar ɗakina kuma ta daina rufuwa daidai. Birkila ya ce a cike tsagar da siminti, a ɗaga katangar bulo mai tsawo. Da hadari ya haɗu, ba na iya barci.

Amsa: Malam, fargabarka tana kan hanya. Tsaga a sama da ƙofar da ta ƙi rufuwa alama ce ƙasar ta riga ta fara tafiya. Duk daren da ake ruwa mai yawa, ka kwashe iyali ku kwana wani wuri, har injiniyan ƙasa ya zo ya duba.

Sai maganar birkilan nan, wadda na gaji da jinta. Mutane sun ɗauka ƙasa ce abokiyar gaba, don haka a tare ta da siminti. Ruwa ne! Ruwan da ya cika akwati mai mita 1 ta kowane gefe nauyinsa tan 1 ne. Idan ya taru a bayan katangar da ba ta da mafita, yana ƙara wa ƙasa nauyi, yana raba ƙwayoyinta, yana kuma tunkuɗa bangon. Ka ninka zurfin ruwan sau 2, ƙarfin tunkuɗar ya ninka sau 4. Wato dogon bangon da yake yi maka alfahari da shi madatsar ruwa ce a kan ɗakin 'ya'yanka. Simintin da za a zuba a tsagar kuwa ɓoye maka shaida kawai zai yi. A Aberfan ta ƙasar Wales, a 1966, tarin ƙasar haƙar kwal da aka jibge kan maɓuɓɓugar ruwa ya zaftaro kan makaranta da gidaje, mutum 144 suka rasu, 116 yara ne.

Katangar kirki tana da tsakuwa a bayanta da bututun fitar ruwa a jikinta. Kwandunan waya cike da duwatsu ma suna yi, don ruwa na ratsa su. A yi magudana a saman tudu ta karkatar da ruwa, a rufe tsagar da leda kafin nan. Duwatsun da ke gangarowa kuma ragar ƙarfe ke tare su. Kada a sare gindin tudu don faɗaɗa fili, shi ke riƙe da na sama.